Daga Hamster zuwa cacar ƙwallo: Yadda ake farautar matasan Fagge da Sabon Gari da jita-jita

Ranar Alhamis 26 ga Satumban 2024 ce ranar da matasa masu ɗimbin yawa a Kano suka shafe kusan wata shida suna jira. A ranar ce wasan Hamster Kombat, wanda ake yi a cikin manhajar Telegram, zai "fashe", wato a fara sayar da sulallansa a kasuwannin kirifto, kowa ya ga abin da dangwalar wayarsa ta haifar.

Kafin ranar an yi lissafi iri-iri a majalisu da shagunan cajin waya daga Fagge zuwa Sabon Gari. Wasu sun sa ran babur, wasu kuɗin aure, wasu jarin shago a Kantin Kwari. Da aka buɗe kasuwa, sulalla ɗaya ta fara a kusan santi ɗaya na dalar Amurka, kuma kafin dare ta yi ƙasa da haka. Mutane da yawa abin da suka samu bai kai dala goma ba. Ta leƙo ta koma.

Abin lura a nan shi ne, masu wasan ba su taɓa sanar da cewa sulallarsu za ta kai dala ɗaya ko rabin dala ba. Duk farashin da aka riƙa yayatawa ya fito ne daga zaurukan WhatsApp da bidiyoyin TikTok da ƙananan shafukan intanet da ke rayuwa da labarin wasan. Jita-jitar ce ta yi wa kamfanin talla kyauta, kuma da abin ya watse ba a samu wanda za a riƙe ba.

Lissafin da ba a yi ba

Alƙaluman da masu Hamster suka fitar da kansu sun isa su kwantar da zumuɗin kowa. Sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga wasan tun da aka fara shi a watan Maris na 2024. Daga ciki miliyan 131 ne suka cancanci rabo, an kuma kori miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi. Jimillar sulallan biliyan 100 ne, aka ware biliyan 60 domin rabon zangon farko.

Idan aka raba biliyan 60 ga mutum miliyan 131, kowa zai tashi da sulalla kusan 460. A farashin santi ɗaya, kuɗin bai kai dala biyar ba, wato ƙasa da naira dubu takwas a canjin wancan lokacin. A cikin hakan ma an riƙe kashi 11.25 cikin ɗari sai bayan wata goma. Ke nan yawan jama'ar da ake ta alfahari da shi, shi ne ya cinye rabon. Duk wanda ya gayyato abokinsa domin samun ƙarin maki, ya ƙaro wa kansa abokin rabo ne.

Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi, amma bai samu kasuwa ba, domin ba ya jawo 'yan kallo. Bidiyon da ke cewa rabon ba zai wuce kuɗin data ba, da wuya wani ya tura wa ɗan'uwansa. Wanda kuwa ke cewa an samu labari daga majiya mai tushe cewa za a fashe a dala ɗaya, kafin Magariba ya zagaye gari.

Akwai dalilin da ya sa aka yarda. Wasan Notcoin, wanda aka fara a Janairun 2024, ya fashe a ranar 16 ga Mayu, kuma wasu sun samu kuɗin gaske. Mutanen da suka yi shi kimanin miliyan 35 ne, kuma mafi yawa sun shiga ne ba tare da wani dogon buri ba. Hotunan alat ɗin da suka yaɗu a lokacin su ne jarin da duk wasannin da suka biyo baya suka ci da shi. Hamster da TapSwap da sauransu ba su sha wahalar gamsar da kowa ba, tunda kusan kowa ya san wani da ya san wani da ya samu.

Me masu wasan ke sayarwa?

Mai dangwala waya yana ganin shi ne ke haƙar kuɗi, shi ya sa ake kiran abin mainin. A zahiri babu abin da yatsansa ke haƙowa. Abin da ke da daraja a wurin masu wasan shi ne zamansa a kan manhajar, da idonsa, da lambar abokansa.

Tsarin Hamster ya nuna haka ƙarara. Kullum akwai ladan kallon bidiyo a tasharsu ta YouTube, wadda ta tara mabiya sama da miliyan 30 cikin 'yan watanni. Akwai ladan bin shafukansu na sada zumunta, da ladan buɗe asusu a wasu kasuwannin kirifto. Daga baya aka ƙirƙiro makullai, waɗanda ba a samun yawancinsu sai mutum ya sauke wasu wasannin na daban ya buga. Kowanne daga cikin waɗannan hanya ce ta tura jama'a wurin da ake biyan kuɗi a kan yawan jama'a. A farkon Yulin 2024 shugaban Telegram, Pavel Durov, da kansa ya yaba wa wasan, yana cewa mutum miliyan 239 sun shiga cikin wata uku. Su kuwa waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su bayyana sunayensu ba.

A nan ne rashin tabbas ya zama riba. An sa ran rabon a watan Yuli, aka ɗage. Ba a fayyace ma'aunin rabon dalla-dalla ba sai da lokaci ya ƙure. Yau a ce ribar da ake tarawa a kowace awa ce ma'auni, gobe a ce makullai ne, jibi a ce yawan waɗanda mutum ya gayyato. Kowace sabuwar jita-jita tana nufin ƙarin dare ɗaya ba barci. Da an faɗi gaskiyar ma'aunin tun farko, da mutane sun yi abu ɗaya sun huta. TapSwap ma ta yi ta ɗage ranar fashewarta, a tsakani kuma ta buɗe wata ƙofa ga wanda zai biya kuɗi a ninka masa makinsa.

A gefe guda kuma wata sana'ar ta kafu. Hamster na fitar da wani haɗin kati uku da wata kalmar sirri a kullum, wanda ya dace da su ya samu maki mai yawa. Ɗaruruwan shafukan intanet da tashoshin Telegram suka tashi ba su da aikin yi sai wallafa amsar ranar. Amsar layi ɗaya ce, amma sai mai nema ya ratsa tallace-tallace kafin ya kai gare ta. Ranar da babu sabon labari kuma sai a ƙirƙiro: an gano ranar fashewa, an bankaɗo farashi, za a hana 'yan Najeriya cire kuɗinsu. Labarin tsoro da labarin daɗi duk kuɗi ɗaya suke kawowa, muddin an latsa.

Ba matasan Kano kaɗai abin ya ɗauka ba. A Iran sai da wani babban hafsan soja ya fito ya kira wasan wani salon yaƙin ƙasashen Yamma, a Rasha kuma aka ba da rahoton cewa cinikin na'urar tausa ya ƙaru saboda masu amfani da ita wurin dangwala waya.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Shafukan da ke kawo labaran wasannin bidiyo a Turai da Amurka sun daɗe da gane cewa hasashe ya fi labari kasuwa. Misali mafi girma shi ne wasan Grand Theft Auto VI na kamfanin Rockstar Games. Shekaru aka kwashe ana rubuta raɗe-raɗin ranar fitowarsa kafin kamfanin ya ce uffan. A Satumban 2022 wani matashi ɗan Birtaniya ya yi kutse ya saki gajerun bidiyoyi kusan 90 na wasan tun ba a gama shi ba. Wannan gaskiya ɗaya ta ba dubban ƙarairayi mafaka, tunda daga ranar duk wanda ya ce yana da labarin sirri ana iya saurarensa. Bidiyon talla na farko bai fito ba sai Disambar 2023, kuma daga baya an ɗage fitowar wasan har sau biyu.

Bambancin shi ne, wanda ya karanta ƙaryar ranar fitowar wasa a Landan ya yi asarar minti biyar ne kawai. A Kano an ɗaura jita-jitar ne a kan yunwa.

Me ya sa ta samu gindin zama a Fagge?

Fagge wuri ne da aka san darajar labari tun kafin zuwan waya. Nan ne zangon da fataken Sahara ke sauka a bayan ganuwa, kuma har yau ƙaramar hukumar ce ke ɗauke da Kantin Kwari, da kasuwar 'yan canji ta Wapa, da kasuwar waya ta titin Beirut, da kasuwar Sabon Gari. A Wapa magana ɗaya kan abin da Babban Banki zai yi gobe tana iya motsa farashin dala kafin La'asar. Matashin da ya tashi a wannan muhalli ya ga yadda wanda ya riga jin labari yake riga cin riba, don haka ba wauta ba ce ta sa yake kasa kunne.

Sai dai jita-jitar Wapa tana da birki. Ɗan canjin da ya yaɗa ƙarya gobe ma a nan zai zauna, abokan ciniki sun san fuskarsa, akwai kuma shugabannin kasuwa da za a kai ƙararsa. Mai tashar Telegram ba shi da teburi ko rumfa. Idan tasharsa ta yi ƙaurin suna sai ya sauya mata suna, mabiyan kuma suna nan yadda suke.

Lokacin ma ya taimaka. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yuni. Zuwa Yunin 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A ranar 1 ga Agusta, daidai lokacin da zazzaɓin Hamster ke kan ganiyarsa, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa da ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kano har aka sa dokar hana fita. Ga matashin da ba shi da aiki, wasan da ba ya neman jari sai waya da data da caji ya yi kama da ƙofar da ba a sa wa kwaɗo ba. An ma raɗa wa masu yi suna 'yan baiwa, wasu na faɗa da zolaya, wasu da alfahari.

Rashin neman jarin ya kuma sauƙaƙa wa mutane ta fuskar addini. Wanda ba zai taɓa shiga shagon caca ba yana iya cewa shi bai sa ko kwabo ba. An yi ta muhawara a kan hukuncin abin, amma ba a cika tsayawa kan kuɗin data da na caji da awannin da suka tafi ba, alhali su ne ainihin abin da aka zuba.

Tsohuwar manhajar Pi Network, wadda aka fara a 2019, ita ce ta fi nuna nisan da hasashe ke iya kaiwa. Shekaru wasu mabiyanta suka yi suna yaɗa cewa sulalla ɗaya za ta kai dala 314,159, adadin da aka aro daga lambar lissafin da manhajar ta ci sunanta. Kamfanin bai taɓa sanar da wannan farashi ba. Tunda jimillar sulallan biliyan 100 ne, da hakan ta tabbata da darajar Pi ta ninka abin da duniya baki ɗaya ke samarwa a shekara fiye da sau 250. Da aka buɗe kasuwarta a ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta taɓa kusan dala uku, cikin 'yan makonni ta koma ƙasa da dala ɗaya.

An rufe shago, an buɗe waya

Ɗaya ɓangaren labarin yana Sabon Gari, unguwar da aka kafa wa baƙi bayan isowar jirgin ƙasa Kano a farkon ƙarnin da ya wuce. Saboda yawan waɗanda ba Musulmi ba a cikinta, nan ne harkokin da shari'a ta haramta a sauran sassan birni, kamar giya da caca, suka fi fitowa fili. Ba kuma sirri ba ne cewa masu zuwa ba mazauna unguwar kaɗai ba ne.

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta ƙaddamar da samame kan shagunan cacar ƙwallo a Kano, inda ta ce ta rufe kusan 30 a unguwa ɗaya a ranar farko, bayan koken iyaye da masu unguwanni. An ƙalubalanci samamen da hujjar cewa dokar gwamnatin tarayya ta halatta harkar. Wannan hujja ta rushe a ranar 22 ga Nuwamban 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja, kuma jihohi ne ke da hurumin tsara harkar. Hisbah ta ce za ta ci gaba da samamen da ƙarfinta.

Hukuncin ya ba Kano iko a kan shago mai ƙofa da allo. Amma manyan kamfanonin cacar duk suna da manhajoji, kuma wanda ke kwance a ɗakinsa a Fagge ba ya buƙatar taka ƙafa zuwa titin Faransa kafin ya buga. Abin da shago ke yi a da, wato jawo mutum da hayaniyar 'yan kallo da labarin wanda ya ci jiya, yanzu jita-jita ce ke yin sa.

Hanyar a bayyane take. Kamfanonin caca da dama suna da tsarin dillalai: duk wanda ya kawo sabon mai bugawa ta linkinsa ko lambarsa yana da kamasho, a wasu tsare-tsaren ma kason da yake samu daga abin da mutumin ya yi asara ne. Dillali ba zai rubuta "zo ka yi caca" a zauren Hausawa ba, don ya san abin da zai biyo baya. Sai ya buɗe shafin labarin ƙwallo. A makon ƙarshe na Agustan 2024, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce kan ko Victor Osimhen zai koma Chelsea ko Al-Ahli ta Saudiyya, duk wani mai shafi yana da tasa majiyar. A ƙarshe ɗan wasan bai je ko ɗaya ba, Galatasaray ta Turkiyya ta ɗauke shi aro daga Napoli. Waɗanda suka yi kuskuren ba su rasa komai ba, domin mabiyan da suka tara a makon suna nan, kuma a irin waɗannan shafuka ne ake cusa lambar dillali a ƙarƙashin labari.

Daga nan sai mataki na gaba: masu cewa suna da sakamakon wasan da aka riga aka sayar. Dabarar tsohuwa ce. A raba mabiya gida uku, a ce wa kashi ɗaya masu masaukin baƙi za su ci, kashi na biyu baƙi za su ci, na uku kunnen doki. Dole kashi ɗaya ya dace. Su ne za a sake rabawa a mako na gaba, kuma wanda ya ga an dace sau biyu a jere ba ya jin nauyin biyan kuɗin shiga zaure na musamman. Haka masu tallar manhajar da wai ke hango lokacin da jirgi zai tashi a wasan Aviator. Da akwai mai irin wannan ilimi, da ba zai tsaya sayar da shi naira dubu biyar ba.

Inda doka ta tsaya

Dokokin da ke ƙasa an yi su ne domin mai talla da mai karɓar kuɗi. Hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake shi. Dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu shirya adashen damfara. Wata guda bayan nan dandalin CBEX ya rufta da kuɗin mutane, EFCC ta shiga bincike. A can akwai kuɗin da aka karɓa, akwai alƙawarin da aka yi.

A wasannin dangwale kuwa, galibi babu ko ɗaya. Ba a karɓi kuɗin ɗan wasa ba, ba a rubuta masa farashi ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, bayan gyaran da aka yi masa a 2024, ya taƙaita ne ga saƙon batsa da ƙaryar da aka yi da gangan domin tayar da hankalin jama'a ko barazana ga rai. Mai cewa "ana hasashen za ta kai dala ɗaya" bai shiga ciki ba. Faɗaɗa sashen domin kama shi kuma yana da nasa haɗarin, ganin yadda aka sha amfani da shi wurin tsare 'yan jarida.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a bi kuɗin. Mai shafin da ke ɗauke da linkin gayyata ko lambar dillali yana da riba a cikin labarin da yake bayarwa, kuma tilasta masa ya bayyana hakan aiki ne da ARCON ke da hurumin yi. A matakin jiha, hukuncin Kotun Ƙoli ya bar wa Kano damar yin dokar da za ta ambaci dillalan intanet da ke zaune a cikin jihar, maimakon tsayawa kan mai shago kawai. Samame a shago yana da saurin fitowa a labarai, amma ba ya taɓa wannan ɓangaren.

Su kansu 'yan wasan sun yanke nasu hukuncin a kan Hamster. Zuwa watan Nuwamban 2024 rahotanni sun nuna masu shiga wasan a wata sun ragu zuwa kusan miliyan 41. Sai dai zaurukan da aka buɗe dominsa ba su mutu ba. Da yawa sun sauya suna da hoto suka koma kan wasa na gaba, wasu suka koma kan Pi. A Fabrairun 2025 kasuwar Binance ta nemi jin ra'ayin jama'a kan ko ta saka Pi, mafi yawan masu ƙuri'a suka ce ta saka. Watanni suka shuɗe ba ta saka ba, kuma a tsawon lokacin, duk bayan 'yan kwanaki sai wani shafi ya fito da sabuwar ranar da ya ce majiyarsa ta tabbatar masa.